Wayar Yaya a Tudun Alo

Ruwan bana ya ƙi tsagaitawa. Itacen da Inna ta jingina a bayan ɗaki ya jiƙe har cikinsa, in an kai masa ashana sai ya yi ta huci yana fitar da kumfa ta gindi, hayaƙi ya cika tsakar gida, wuta kuwa babu. Da safen nan ta hura har idanunta suka yi ja, sannan ta ce in leƙa ƙarƙashin gadon Yaya ko zan samo wata busasshiyar takarda. Na durƙusa na jawo wata baƙar leda. Da na kwance bakinta na ga abin da ke ciki, sai na zauna a ƙasa, na manta da Inna da murhunta.

Katunan karatun Yaya Kabiru ne. Kwalin sukari ne, irin mai ƙwaya da ake shigowa da shi daga Nijar, ya yayyanka shi daidai tafin hannu. A gefe ɗaya ya rubuta tambaya da Turanci, a ɗaya gefen amsa da Hausa, don ya ce duk abin da bai iya faɗa da Hausa ba to bai gane shi ba tukuna. Har yanzu in na kai su hanci akwai ɗan ƙamshin sukari a jikinsu. Ƙamshin nan ne ya mayar da ni waccan daminar, wadda mutanen Jibiya ke kira daminar da aka ɗauke sabis.

Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a lokacin. Yaya ya dawo gida tun da bazara da takardarsa ta karatun kwamfuta daga birni, ba aiki. Ban manta da zafin shekarar ba. Kwanon ɗaki yakan yi ƙara shi kaɗai da rana tsaka kamar ana jifansa da tsakuwa, ruwan randa ya yi ɗumi, kaji su buɗe baki su kwanta a gindinta. Cikin wannan zafin labari ya zo cewa wata ƙungiya mai koyar da matasa ta intanet ta zaɓe shi. Za su biya masa kuɗin wata jarrabawa ta tsaron bayanai, wadda da dala ake biyanta, kuma wanda ya ci ta ana ba shi takardar shaidar da bankuna da kamfanoni ke nema har a ƙasashen waje. Sau ɗaya suke biya wa mutum. In ya gama darussansu za su turo masa lambar shiga jarrabawar ta imel, shi kuma ya zaɓi ranar da zai je Kano ya zauna.

Baba yana kishingiɗe a zaure lokacin da Yaya ya faɗa masa.

“Mi ne ne kuma tsaron bayanai? Gadi za ka yi?”

“Gadi ne, Baba, amma na abin da ba a gani.”

“To mai gadin abin da ba a gani, in an sace ta ina zai sani?”

Yaya ya yi dariya. “Wannan tambayar taka ita ce rabin jarrabawar.”

“Ashe ni ya kamata su zaɓa,” in ji Baba, ya gyara kwanciya.

Lodin manyan motoci Baba yake yi a bakin boda, amma bodar a rufe take tun kafin wannan shekarar. Motocin da ya saba ɗora wa buhunan masara da wake suna nan jere, tayoyinsu sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Saboda haka duk gidan ya ɗora ido a kan abu biyu, gonarmu ta Mazanya da jarrabawar Yaya.

Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in malami ya kira sunana, Sa’adatu, sai harshena ya manne a dasashi ko da na san amsar. Ina jin shi ya sa Yaya ya zaɓe ni in riƙa riƙe masa katunan, don ya san ba zan dame shi da surutu ba. Bayan sallar asuba mukan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida kafin rana ta yi ƙarfi. In karanto tambayar da gurgun Turancina, ya gyara mini, ya ba da amsa, in juya kwalin in duba. In ya ci, kati ya koma hagu. In ya faɗi, ya koma dama, gobe a sake.

Wata safiya na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ake nufi da haɗari a cikin karatun nasa, tunda ba mota ba ce. Ya nuna mini rumbun tsakar gida.

“Geron da ke ciki shi ne abin da ake tsaro. Ɓera da gara da ɓarawo su ne barazana. Tsagar can ta jikin bango ita ce rauni. In akwai ɓarawo babu tsaga, da sauƙi. In akwai tsaga babu ɓarawo, shi ma da sauƙi. Ranar da suka haɗu ita muke lissafi tun kafin ta zo.”

Inna tana tankaɗe a bakin madafa. Ba ta kiran sunan Yaya, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, saboda shi ne ɗan fari. Ta kaina take aika masa saƙo ko da yana zaune a gabanta.

“Sa’a, a gaya mashi ya kwantar da hankalinshi. Rumbun nashi ko ɓera ya daina leƙawa.”

A wurinsa na koyi cewa abu uku ake so ga duk bayanin da ake tsaro. Kada wanda bai kamata ba ya gan shi, kada wani ya canza shi a ɓoye, sannan in mai shi ya neme shi ya same shi. Ya ce na ukun ne mutane suka fi rainawa. Amma babin da ya fi so shi ne na yaudarar mutane. Katunan wannan babin duk a hagu suke, bai taɓa faɗuwa ko ɗaya ba.

“Ba a wahalar fasa ƙofar ƙarfe, Sa’a,” in ji shi. “Mai riƙe da makulli ake yi wa sallama, a tambaye shi iyali.”

Wani lokaci sai ya kara tafin hannu a kunne ya canza murya. “Salamu alaikum, Hajiya Sa’adatu ce? Daga ofis muke kira. Yanzu za ki ga wata lamba ta shigo, ki daure ki karanto mana.” Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in girgiza shi. Ya yi ta dariya yana cewa ni kam ba mai samun komai a wurina, gaisuwa ma da ƙyar.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Na tuna ƙamshin ƙasa ranar farko, da yadda muka fito da robobi da tukwane muka jera a ƙarƙashin indararo. Baba da Yaya suka je Mazanya suka yi shuka, gero da wake, suka yi noman farko. Yaya yakan tafi da katuna kaɗan a aljihu, ya dawo da su sun yi laushi da gumi, in shanya su a kan tabarma. Gero ya kai gwiwa, ya yi kore shar. Sai wata rana suka dawo tun kafin azahar, ba fartanya ko ɗaya a hannunsu, takalmin Baba ƙafa ɗaya. Sai da suka sha ruwa sannan suka ba mu labari. Mutanen daji ne suka ɓullo ta gonar maƙwabcinmu a kan babura, suka tafi da shi da ’ya’yansa biyu. Daga ranar ba wanda ya ƙara taka gonarmu. Geron ya yi ta girma shi kaɗai, mu muna jin labarinsa a bakin masu wucewa.

Yunwar damina ba ta shigowa da ƙarfi, a hankali take zama. Da farko tuwon rana ya tafi. Sannan kunun safe ya yi ta tsinkewa har ina ganin gindin kofi ta cikinsa. Mukan fita da ’yan matan unguwa bayan gari mu tsinko tafasa da rama, ba ma yin nisa, kullum muna waiwaye. Inna ta dafa ta kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, daga baya ƙulin ya ƙare sai gishiri da barkono. Na lura dakan maƙwabta ya gajarta, turmin da ake jin ƙararsa har a gaji, yanzu kafin ka saurara an gama. Na lura Baba ya yi wa mazugin wandonsa sabon ƙulli. Agogon Yaya kuwa ya fara zamowa har bayan hannunsa, in zai karɓi kati sai ya tura shi sama. Cikina yakan yi ƙugi muna tsakiyar tambaya, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, ya ce in karanto ta gaba.

Ya gama darasin ƙarshe ana saura kaɗan gero ya fara nuna. Abin da ya rage kawai saƙon lambar. Sai muka wayi gari duk wayoyin garin babu sanda ko ɗaya. An ce hukuma ce ta ɗauke sabis don mutanen daji su daina samun labari. Aka rufe kasuwar dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka, janaretan mai cajin unguwarmu ya yi shiru. Yaya ya hau katanga da waya a sama, ya hau kan ɗaki, ya tafi har bakin dam. Da ya dawo ya zauna a gindin darbejiya ya daɗe yana kallon wayar.

“Kin tuna na ukun?” ya ce.

“In mai shi ya nema ya samu.”

“To ga shi nan.”

A nan Baba Isuhu ya shigo. Maƙwabcinmu ne, mutumin Maraɗi, ya zo Jibiya tun yana saurayi ya zauna, abokin Baba tun kafin su yi aure. Haya yake yi da babur, wanda shi yake kira moto. Shi ya gano wani tudu a hanyar Katsina inda sabis na birni yake ɗan kaiwa, kuma shi ya raɗa masa suna Tudun Alo, don duk wanda ka gani a kai hannunsa na kunne yana ta alo, alo. Ba kowa ke iya zuwa ba, hanyar ba lafiya. Sai ya zama da safe Baba Isuhu yakan bi gida gida ya karɓi wayoyi a cikin wani buhun shinkafa. Kowace mace takan ɗaura wa tata ƙyallen zanenta don kada a rikita. In ya isa sai ya shimfiɗa buhun ya jera su kamar shanyar kuɓewa, saƙonni su yi ta shigowa suna kuka kamar ’yan tsaki. Wadda aka kira ya ɗauka, ya gaisa, ya riƙe saƙon a kansa. Da la’asar ya dawo ya bi ƙofa ƙofa yana rabawa. “Ɗiyarku ta Legas ta sauka, namiji.” “Ɗanku ya ce a yi haƙuri, wata bai yi ba tukuna.” Ba ya karɓar komai sai abin da aka ga dama aka sa masa na mai, kuma ko murfin waya bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Mata har sukan ce wayarsu ta tafi kiwo.

Yaya ya ƙi sa tasa a buhun. Ya bi Baba Isuhu da kansa sau ɗaya, ya tarar saƙon bai zo ba, sai wata sanarwa cewa za a turo cikin kwanakin nan, kuma wanda bai buɗe saƙonsa ba kafin wata ya ƙare ya rasa gurbinsa. Bayan wannan zuwan ne aka tare hanya kusa da tudun aka kwashi mutane, har da ɗan telan unguwarmu. A makon kuma zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Sauro ya yi yawa a daminar, ga jiki ba abinci. Yakan yi rawar sanyi har gadon ya yi ƙara, can kuma ya jiƙe da gumi. Inna ta dafa masa ganyen darbejiya, ta ba ni in kai masa.

Da wata ya zo ƙarshe, ya tashi wata safiya yana dafa bango, ya sa takalmi. Ina shara na ga Inna ta ajiye muciya, ta wuce shi, ta je ta tsaya a ƙofar zaure ta tare hanya.

“Kabiru.”

Tsintsiyar ta tsaya a hannuna. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

“In ka taka hanyar nan, ban yafe maka ba.”

Ta koma madafa. Shi kuma ya zauna a kan turmi ya cire takalmin. Can ya kira ni da hannu.

“Abu nawa ake yi wa haɗari?”

“Huɗu,” na ce. “A guje masa, ko a rage shi, ko a ɗora wa wani, ko a karɓe shi da sani.”

“In na guje masa jarrabawa ta tafi. In na je, kin ji abin da Inna ta ce. Saura a rage, a karɓi abin da ya saura.”

Ya zauna yana goge abubuwa daga wayar. Ya cire manhajar banki, ya cire hotuna da lambobin mutane, ya bar imel kaɗai. Dole ya cire makullin fuskar wayar, don Baba Isuhu ba ya karatun boko, lambobi kawai ya sani. Da ya zo karɓar wayoyi, Yaya ya fita zaure ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna masa hoton ambulan ɗin da zai danna in sabis ya kama. Ina tsaye a bayan labule da wayar Inna mai ƙyalle ja.

“Baba Isuhu, don Allah kada ka ba kowa ita, ko da riƙewa ce.”

“To, mushe,” in ji shi, da ɗan Faransancinsa na mutanen Nijar.

“Kada kuma a sa ta caji a wurin kowa.”

“An gama, injiniya.”

“In kuma wani ya...”

“Kai, ya isa haka,” in ji Baba daga kan tabarma. “Isuhu za ka koya wa riƙon amana? Mutumin da na bar wa gidana da uwarka na tahi cin rani, kai ko tahiya ba ka fara ba?”

“Bar shi, Malam Sani,” Baba Isuhu ya ce yana dariya. “Yaran yanzu sun ga duniya.”

Yaya ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Na ga bakinsa bai gama rufewa ba, amma maganar ba ta fito ba. Baba Isuhu bai sa wayar a buhu ba. Ya zura ta a aljihun ƙirjinsa, ya maƙale bakin aljihun da fil, ya buga wurin da tafin hannu.

Ranar an yi ruwa kamar ba za a daina ba. Tun hantsi gari ya yi baƙi ta gabas, iska ta kwashe shanyar tafasarmu, sannan ruwan ya sauko. Ɗakin Yaya yana yoyo ta wuri biyu, na sa kwano da roba, kowanne da irin ƙararsa. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya. Na ɗauko katunan ko zai so, ya ce in bari. Duk ƙarar babur da ta wuce sai in ga kafaɗarsa ta motsa.

Bayan la’asar Baba Isuhu ya yi sallama, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa. Bai ma fara raba sauran wayoyin ba, gidanmu ya fara zuwa. Fuskarsa cike da fara’a.

“Injiniya, albishirinka.”

“Goro,” in ji Yaya daga bakin ƙofa, ya yafa bargo.

“Ambulan ɗinka ya zo, na danna kamar yadda ka ce. Ina zaune sai ga kira daga ofishinku. Wallahi mutumin kirki, Hausa a bakinshi kamar malami. Ya san sunanka, ya san na mahaifinka. Na ce ba ka da lahiya, ya yi maka addu’a mai tsawo. Ya ce Allah ya taimake ka da aka same ni, don yau ake rufewa. Wai za su turo wata lamba, in karanta mashi, su ajiye maka kujerarka. Kafin ya rufe baki ta shigo. Na karanta mashi ɗaya bayan ɗaya, na maimaita don kada a samu kuskure. Ya ce shi ke nan, an gama.”

Ya cire fil ɗin, ya zaro wayar a busasshiya, ya miƙa da hannu biyu.

“Kuma ka tambayi duk wanda ke tudun, ko sau ɗaya ba ta bar hannuna ba.”

Na kalli Yaya. Fuskarsa ba ta canza ba. Ruwa na ɗiga daga gemun Baba Isuhu a kan tabarmarmu. Yaya ya karɓi wayar, ya rusuna.

“Na gode, Baba Isuhu. Allah ya saka da alheri.”

“Ka gani ko?” in ji Baba. “Da ka tsaya kana yi mashi karatu.”

Inna ta shiga ɗaki ta buɗe ƙasan adakarta, ta fito da ’yan ƙwayoyin sukarin da ta ɓoye tun kafin yunwa ta shigo. Ta dafa shayi da na’ana’a, aka ba Baba Isuhu babban kofi, mu ma aka zuba mana. Rabona da zaƙi a baki har na manta. Yaya ya riƙe nasa har ya huce.

Da kowa ya watse na bi shi ɗaki da kwanon tarar ruwa. Yana zaune a bakin gado, wayar a tafin hannunsa. Ya juyo mini fuskarta. Saƙon da Baba Isuhu ya karanto lambobinsa yana nan, a ƙasansu an rubuta da Turanci kada a faɗa wa kowa, har ni na iya karantawa. Lambar canza makullin imel ɗinsa ce. A sama kuma ga saƙon ƙungiyar, da lambar shiga jarrabawar da ya yi watanni yana jira.

“Ga ta nan ina kallonta,” ya ce. “Mai kiran ma yanzu yana kallonta. Shi kuma yana da sabis.”

Na ce, “Yaya, mai makullin aka yi wa sallama?”

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, “Kada ki faɗa wa kowa. Mutumin nan ya bi hanyar da ake ɗaukar mutane, cikin ruwa, saboda ni.”

Sai da ƙafafunsa suka yi ƙwari Inna ta bari ya bi ayarin motoci zuwa Katsina. Ya kwana biyu a can. Ya tarar imel ɗin ya zama na wani, lambar jarrabawar kuma an riga an yi amfani da ita a wani gari da bai taɓa zuwa ba. Mutanen ƙungiyar suka ce sun tausaya masa, amma sau ɗaya suke bayarwa, wani cikinsu har ya ce ai ɗalibin tsaro bai kamata a yi masa haka ba. Yaya ya tambaye su inda mai kiran ya samu sunansa da na Baba da lambar wayarsa. Ashe su da kansu suka baza sunayen waɗanda suka zaɓa a shafinsu, don murna. Da yake ba ni labarin a gindin darbejiya, nan ne kaɗai ya yi dariya, wata iri wadda ban so ba.

A gida ya ce an ɗage jarrabawar. Baba ya ce komai na ƙasar nan ɗagewa ake yi. Inna ba ta tambaya ba, amma tun daga ranar ba ta ƙara sa baki a tafiyarsa ko’ina ba, sunansa kuma ya koma inda yake a da.

Kaka ta zo ba mu yanke ko zangarniya ɗaya ba. Maƙwabta da suka samu kaɗan a bayan gari suka aiko mana da tumu, muka gasa, muka murza muka ci da zafinsa. Sabis ya dawo bayan an gama girbi, mata suka kwance ƙyallayen wayoyinsu. An buɗe boda, an sake rufewa, an sake buɗewa. Gonar Mazanya har yau ba mu koma ba, an ce geza ta cinye ta. Shekarar farko Yaya ya ci gaba da karatun shi kaɗai, yana cewa zai tara ya biya da kansa. Amma duk lokacin da ya matsa kusa sai dala ta ƙara gaba, littafin jarrabawar ma aka canza shi aka fito da sabo. Ban san ranar da ya daina ba. Na dai lura wata safiya ya wuce darbejiyar bai kira ni ba.

Yanzu yana da ’yar rumfa kusa da bakin boda, yana cajin wayoyi yana tura wa direbobi kuɗi. Ina bi ta wurin in na taso daga makaranta. Mutum zai miƙo masa katinsa daga tagar mota ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi, duk ’yan dako na ji. Da farko yakan tura musu na’urar ya ce su danna da kansu, su rufe da hannu. Sai su ji haushi, su ce ko ya ɗauka ba su yarda da shi ba ne. Yanzu dannawa kawai yake yi. Baba Isuhu yakan wuce da fasinja, gemunsa ya yi fari, ya rage gudu.

“Injiniya, takardar fa?”

“Tana hanya, Baba Isuhu.”

“Allah ya kawo ta. Kada ka manta wa ya ajiye maka kujera.”

“Ba zan manta ba.”

Duk wannan ya dawo mini da safen nan ina zaune a ƙasa da ledar a cinyata. Inna ta ƙwala mini kira daga madafa, tana tari saboda hayaƙi. Yaya ya shigo ɗaukar rigar ruwansa zai fita rumfa, ya gan ni, ya ga abin da ke hannuna. Ban san abin da ya sa ba, na ɗauki na saman na karanto masa. Turancina ya gyaru yanzu, bai sami abin gyarawa ba. Tambayar ita ce, me ake kiran abin da ya saura bayan an yi duk iya abin da za a yi don kariya.

Bai juyo ba, yana zura hannu a rigar ya ce, “Ragowar haɗari. Ba a kawar da shi, zama ake yi da shi.”

Na juya kwalin. Haka aka rubuta, da hannunsa na da, mai ƙananan baƙaƙe a miƙe. Na ajiye katin a hagu.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ruwan. “Kai wa Inna,” ya ce. “Sun bushe da kyau.”

Na kai mata. Ta cusa su a ƙarƙashin jiƙaƙƙen itacen ba tare da ta duba ba, ta ƙyasta ashana. Nan da nan suka kama, tsakar gida ta ɗan yi ƙamshin ƙonannen sukari, sannan ta ɗora tukunyar kunu.